Dutsen girandata ya daina ci, ance in nemi diresa mai daimon, yaya ake amfani da ita?

MaiWalda_Rigasa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar ƙarfe, dan Allah shawara nake nema. Ina da giranda ta kan teburi mai dutse biyu ɗin nan inci 8, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, da ita muke wasa kurfi da bakin dirili da almakashin yankan kwano, wani lokacin ma masu faskare sukan kawo gatari a gyara musu baki. Toh yanzu mai laushin ya daina ci kwata-kwata, fuskarsa tayi sumul sai ƙyalli take, ga wasu ɗigo-ɗigo farare da suka maƙale a jiki, in ka ɗora ƙarfe ba wani tartsatsin kirki sai zafi kawai, kafin kace me bakin kurfin ya koma shuɗi. Shi kuma mai kaushin yayi kwari a tsakiya saboda yaran shago kullum waje ɗaya suke dannawa, kuma injin ya fara rawa sosai har sifana na zamewa daga kan teburin in an kunna.

Wani abokina yace in zubar da duwatsun in sayi sababbi, amma duka biyun da sauran nama a jikinsu sosai, ga tsadar kaya yanzu ba sai na faɗa ba. Wani kuma yace akwai diresa mai daimon da ake gyara fuskar dutse da ita ya dawo sabo. Na shiga kasuwa na tambaya aka nuna min iri uku, ɗaya sandar ƙarfe ce gajeriya da ƴar ƙwaya guda ɗaya tal a bakinta, ɗaya mai mariƙi ce bakinta da faɗi an barbaɗa masa ƙananan ƙwayoyi, ta ukun kuma ba daimon ba ce, wasu ƙarafa ne masu haƙora-haƙora suna juyawa. Ban sayi ko ɗaya ba tukunna don ban san wacce ta dace dani ba.

Wacce zan ɗauka, kuma yaya ake riƙe ta a gaban dutse yana gudu ba tare da ta fizge hannun mutum ba? Sannan wai da gaske daimon ne a jiki ko suna ne kawai, don kuɗin da aka faɗa min bai yi kama da na daimon ba. Kuma zata hana rawar nan da injin keyi? Nagode, Allah ya ƙara buɗi.

Tsohon_Tana

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka zubar da dutsen nan, in dai bai tsage ba lafiyarsa ƙalau, fuskarsa ce kawai ta mutu.

Shi dutsen giranda ba dutse bane guda ɗaya, ƙananan ƙwayoyi ne masu kaifi aka haɗa da wani irin yumɓu aka gasa a wuta mai tsanani, a tsakaninsu kuma akwai ƙananan ramuka inda garin ƙarfe ke shiga ya fita. Yadda aka tsara shi, in ƙwaya ta dakushe sai ta ɓalle ta faɗi sabuwa ta fito daga ƙarƙashinta. Toh duwatsun nan masu ruwan toka da ke zuwa tare da injin yawanci haɗinsu da tauri yake, basa sakin ƙwayar da wuri, sai ta dakushe tana nan a maƙale, shine ƙyallin da kake gani. Daga nan ba yanka yake ba, guga yake, guga kuma zafi take kawowa. Ƙarfen kurfi in ya kai wajen digiri 300 yake yin shuɗin nan, kuma da zarar yayi to taurin wajen ya tafi, sai ka cinye wajen gaba ɗaya kafin ka sake samun baki mai riƙe kaifi. Su kuma fararen ɗigon nan ina kyautata zaton alminiyam ne, ka tambayi yaranka. Alminiyam da tagulla laushi garesu, narkewa suke su toshe ramukan.

Aikin diresa daidai yake da abin da iyayenmu mata keyi in dutsen niƙa yayi santsi, a ɗauko maƙodi a ƙoda shi ya sake kama hatsi. Sai dai a nan aiki biyu take yi lokaci guda, tana kankare matacciyar fuskar sabbin ƙwayoyi su fito, tana kuma daidaita dutsen ya koma da'ira sosai fuskarsa ta miƙe, kwarin tsakiyar nan ya tafi.

Tunda da hannu zakayi, ka ɗauki mai faɗin bakin. Ita mai ƙwaya ɗaya tafi iya daidaita dutse, da ita muke aiki a injinan da ke da wajen ɗaure ta, amma in da hannu kawai ka riƙe ta hannunka zai bi tudu da kwarin dutsen ne, ƙarshenta ka zana masa layi-layi a fuska.

Ga yadda nake yi. Injin na kashe, an zare filogi, sai in ɗauki fensir ko alli in juya dutsen da hannu in shafe fuskarsa duka da zane, daga wannan gefe zuwa wancan. Sai in matso da ɗan teburin nan na gaban dutse in ɗaure shi tamau, don duk aikin a kansa yake, in yana motsi ba abin da zai daidaitu. In sa gilashin ido da takunkumi, wannan ba wasa bane, ƙurar da zata tashi sai ka sha mamaki kuma ba abin shaƙa bace, in akwai wani inji mai mai a jiki kusa ka rufe shi da buhu don ƙurar nan cin ƙarfe take. In kunna in bar injin ya kai ƙarshen gudunsa. Sai in kwantar da kan diresar a kan teburin, a kan teburin fa ba a iska ba, in matsa a hankali har sai naji ta fara taɓawa. Da farko zakaji tak tak tak, tana taɓawa tana saki, tudun dutsen kaɗai take samu kenan. Kada ka bi ta da ƙarfi a nan, ka tsaya a inda kake kana zuwa hagu da dama kana barin tudun yana cinyewa da kansa, in ka danna sai diresar ta riƙa tsalle tana bin karkacewar, ka gama aiki dutsen na nan yadda yake. A hankali zakaji ƙarar ta haɗe ta zama guda ɗaya ba yankewa. Ka kashe ka duba zanen allin, duk inda ya rage wajen baka taɓa shi ba, ka sake wucewa har ya ɓace duka.

Abin da ake cirewa a kowane wucewa kaɗan ne ƙwarai, a inji mai ma'auni wajen milimita 0.025 muke sawa, bai kai kaurin gashin kai ba. Da hannu ba zaka iya auna wannan ba amma ka san dai taɓawa ce ba dannawa ba. Kuma ka riƙa ɗagawa tana shan iska, daimon duk taurinsa baya son zafi, in yayi zafi da yawa ƙwayoyin na lalacewa ko su fita daga mazauninsu. Kada kuma ka tsoma shi a ruwa da zafinsa, tsagewa yake.

Wani abu da yawancin mutane basu lura dashi ba, saurin da kake wucewa dashi shi ke yanke irin fuskar da zaka samu. In ka wuce da ɗan sauri fuskar zata fito a buɗe, mai ci, bata ƙona ƙarfe. In kana tafiya sannu-sannu kana maimaitawa fuskar zata fito da laushi, kyau a ido amma tafi saurin ɗaukar zafi. Don kurfi da dirili wucewar ƙarshe ka yita da ɗan hanzari.

In kuma wata rana ka sayi mai ƙwaya ɗayar, kada ka nufi dutse da ita tsaye cak. A karkace ake sa ta kamar digiri 10 zuwa 15, bakin na kallon ƙasa wajen da dutsen ke juyawa, ya zama jan ta dutsen yake ba turo ta ba, kuma a daidai tsakiyar dutsen ko ƙasa kaɗan. Ka ɗaura mata wani ƙarfe ko zobe a jiki da zai riƙa bin gefen teburin don kada ta shiga fiye da yadda kake so. Lokaci-lokaci ka juya sandar kaɗan don ƙwayar ta riƙa cinyewa ta ko'ina tana riƙe da tsininta.

Baban_Shago

Baba Tsohon Tana ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Amma ni a ganina kada ka raina ta ukun nan mai haƙora, musamman a dutsenka mai kaushi. Mu aikinmu na walda ba aikin tana bane, wato na masu injin juya ƙarfe, cire ƙarfe muke so da sauri, kuma mai haƙoran nan ɓalle ƙwayoyin take gaba ɗaya bata yanke su ba, sai fuskar ta fito da kaushi sosai tana ci ba tsayawa. Daimon yakan bar fuska da ɗan laushi, a dutse mai laushi ba laifi amma a mai kaushi ni ban cika so ba.

Sannan kwarin da kace yayi a tsakiya in mai zurfi ne, kace zaka cinye gefe biyun da diresa mai daimon irin masu arha ɗin nan da ƙwayoyin ke sama-sama kawai, wallahi kafin ka gama ka cinye rabin ranta. Gara ka fara da mai haƙora ka sauke tudun sannan ka bi da daimon ka gyara.

Ita riƙonta daban ne da abin da Baba ya faɗa, ita dannawa take so. Akwai ƴan ƙafafu biyu a ƙarƙashin kanta, sai ka ja teburin baya kaɗan su maƙale a bakinsa ka ɗaga mariƙin sama haƙoran su shiga dutsen. In kaga tana tartsatsi to baka danna isasshe ba, haƙoran kake cinyewa ba dutsen ba. Tana da ƙara da ƙura kam, maƙwabta sai sun san kana aiki. Haƙoran in sun cinye ana canza su, mariƙin na nan.

MaiWalda_Rigasa

Nagode ƙwarai Baba, nagode Oga. Na tambayi yaran, ashe kuwa alminiyam ne, in sun yanka na tagogi a nan suke goge bakinsa. Na hana.

Sauran tambaya biyu. Wani yace min ba sai na sayi komai ba, in samu gutsuren tsohon dutse ko bulo na siminti in goga, haka ne? Sannan maganar rawar injin, diresar kaɗai ta isa ko akwai wani abu da zan duba? Don yawanci da janareta muke aiki kuma inaga kamar rawar tafi yawa a kanta fiye da in an kawo wuta.

Malamin_Fasaha

Malam kafin ka kai diresa ko wace iri ce gaban dutsen nan, ina roƙonka ka sauke duka biyun ka gwada lafiyarsu, tunda kace injin na rawa kuma an goga alminiyam. Dutse inci 8, wato milimita 200, a kan injin da ke juyi wajen 2,900 a minti ɗaya kamar yadda yawancinsu keyi a wutarmu, bakinsa na gudun kusan mita 30 a daƙiƙa, sama da kilomita 100 a awa kenan. In ya fashe a wannan gudun gutsuren ba tsayawa zaiyi ya tambayi waye a gabansa ba, kuma fuska da ƙirji ne a saitinsa.

Gwajin ba wuya. Ka cire dutsen, ka tabbata a bushe yake ka kakkaɓe ƙurar, ka rataye shi a yatsa ko fensir ta ramin tsakiya, ka ƙwanƙwasa gefensa a hankali da ƙotar sukuddireba ta roba ko katako, ba da ƙarfe ba, kusa da baki kamar inci ɗaya ko biyu. Ka juya shi kaɗan ka sake, har ka zagaye. Mai lafiya zakaji yayi ƙara siririya tana ɗan jan lokaci, mai tsaga kuma ƙarar a mace take, bus kawai. Wanda yayi bus ka fasa shi da guduma kafin ka zubar, don kada wani ya tsinta ya ɗaura.

Wajen mayarwa, notin gefen hagu zarensa a juye yake, kada ka yi ta fama dashi ta hanyar da ka saba. Takardar nan mai kauri da ke manne a gefen dutse biyu ba ado bace, ita ke raba matsin faranti biyun da ke riƙe dutsen don kada ƙarfe ya cije shi kai tsaye, in ta yage ka yanka kwali mara kauri sosai ka sa. Noti kuma a ɗaure shi daidai riƙewa, masu sa bututu a sifana suna ƙara ƙarfi su ke tsaga dutse tun kafin a kunna. A jikin takardar an rubuta iyakar juyin da dutsen zai iya ɗauka, ka tabbata bai gaza wanda ke rubuce a jikin injin ba. In ka ɗaura ka koma gefe ka kunna ka bar shi minti ɗaya yana gudu ba kowa a gabansa.

Maganar rawa, diresa na maganin wadda ta taso daga dutse da ya fita da'ira, kuma ita ce tafi yawa. Amma tun da duwatsun suna ƙasa ka kunna injin haka nan ba dutse ka gani. In yayi shiru lafiya lau, matsalar na dutse ne ko ɗaurinsa. In har yanzu yana rawa ko gurnani, boris ne ko sandar injin da ake ɗaura dutsen a kanta ta lanƙwashe, wannan ko ka cinye dutsen duka da daimon ba zai daina ba. Ka duba kuma ƴan zobban roban nan da ake sawa a ramin dutse don ya dace da sandar, in sunyi sako-sako dutsen baya zama a tsakiya. In kuma kaga dutsen na kaɗawa gefe da gefe, ka sassauta noti ka juya dutsen kaɗan a kan farantin ka sake ɗaurewa, ka gwada wurare daban-daban har ka samu inda ya fi zama. Kada kace zaka gyara wannan da gogar gefen dutsen, irin wannan dutsen ba a yi shi don a danna masa ta gefe ba.

Janareta kuma abin da ka lura dashi zai iya zama gaskiya. Motar irin wannan injin gudunta na bin bugun wutar ne, ta ƙasarmu 50 ce a daƙiƙa, in an ƙara wa janareta wuta fiye da ƙa'ida bugun na hawa injin ma ya ƙara gudu, in kuma ana walda a kanta tana hawa tana sauka to shima haka zai riƙa yi. Ranar da zaka gyara dutsen ka bari sai ba a walda.

Abu na ƙarshe wanda nafi damuwa dashi don shi ake mantawa, duk lokacin da ka gyara dutse ya ragu, tazarar da ke tsakaninsa da teburin ta ƙaru. Ka kashe injin ka matso da teburin, kada tazarar ta wuce milimita 3, ƙarfen da ke saman murfin kuma kada ya wuce milimita 6 daga dutsen. Wannan shine ƙa'idar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa, kuma dalilin a bayyane yake, in tazarar tayi faɗi bakin dirili ko ƙaramin ƙarfe na faɗawa ciki ya cije, ya ja yatsa ko ya fasa dutsen. Musamman in ka bi shawarar Baban Shago ka ja teburin baya don mai haƙora, kada ka bar wajen sai ka mayar dashi.

Daimon ɗin kuma na gaske ne, ba na ado bane dai. Tun 1954 kamfanin General Electric a Amurka ya samu nasarar haɗa daimon a ɗakin gwaji, yau kusan duk wanda ake aikin masana'antu dashi haɗa shi ake, ƙananan ƙwayoyi marasa kyan gani, shi yasa ba tsada. Masu ƙwaya ɗaya kuma da yawa na ƙasa ne wanda bai cancanci zobe ba, ƙwayar kan zama rabin karat ko ƙasa da haka, karat ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin biyar na giram ne. A ma'aunin taurin duwatsu daimon ne na 10, ƙwayar dutsenka mai ruwan toka na 9, amma ratar da ke tsakanin 9 da 10 ɗin nan babba ce sosai, shi yasa yake yanka ta.

Tsohon_Tana

Malam ya faɗi abin da ya kamata in fara dashi, a gwada dutse kafin komai. Baban Shago kuma ban ƙi taka ba a dutse mai kaushi, gaskiya ne tana barin fuska mai ci. Inda bamu haɗu ba shine daidaitawa, mai haƙora bata iya mayar da dutse da'ira kamar daimon tunda da dannawa take aiki, kuma wanda bai saba ba yakan cinye dutse da yawa da ita a banza. Yaron nan abu ɗaya zai saya yanzu, kuma damuwarsa bakin dirili da kurfi da ke ƙonewa, don haka ni dai har yanzu daimon nace. Kwarin tsakiya ya bi shi a hankali, ba dole ya gama a zama ɗaya ba.

Bulo kam a'a ɗana. Yashin da ke cikinsa bai kai ƙwayar dutsen tauri ba, shi zai cinye, ya cika maka shago da ƙura ya ƙara toshe fuskar, ga shi yana iya gutsurewa a hannunka. Gutsuren tsohon dutse mai kaushi yana ɗan kankare datti in ba yadda za ayi, mun ga ana yi, amma baya daidaita komai kuma riƙe ƙaramin abu mara siffa a gaban dutse ba dabara bace. Akwai sandar gyaran dutse da ake sayarwa baƙa mai kusurwa huɗu, in dai irin wannan kake so ita ce daidai.

Ka kuma sani ba kowane dutse ake kai wa diresar daimon ba. Koren dutsen nan da muke wasa bakin kabaid na injin juya ƙarfe dashi, wato bakin yankan nan mai tsananin tauri, ana gyara shi da ita, sai dai yana saurin cinyewa, yana kuma cin diresar fiye da mai ruwan toka. Amma faifan ƙarfe da aka shafa wa daimon ko makamancinsa a baki, irin na masu wasa zarto mai kabaid, kada ka kusance shi da ita, zaka kankare shafen ne duka biyun su lalace.

Kafinta_Maradi

Sannunku da aiki, na ƙaru ƙwarai da zancen nan. Mu nan wajen katako damuwarmu ƙonewar baki ce, kurfin katako bakinsa siriri ne, daƙiƙa guda ya isa ya yi shuɗi. Abin da munka gani shine farin dutse ya fi mai ruwan toka sanyi don haɗinsa bai da tauri, yana sakin ƙwaya da wuri. In zaka sayi dutse nan gaba ka duba rubutun jikin takardar, zaka ga kamar A60K, lambar 60 girman ƙwaya ne, in lambar ta ƙaru ƙwayar ta ƙanƙance, harafin bayanta kuma taurin haɗin ne, daga A mai laushi zuwa Z mai tauri, don wasa kayan aiki wajen J ko K ya fi daɗi.

Ni kuma in ina gyara nawa da daimon bana barin fuskar a miƙe sak, nakan ɗan sauke gefe biyun kaɗan tsakiyar ta ɗan fi tudu, kaɗan fa wanda ido da ƙyar yake gani. Da haka wuri ƙarami ne ke taɓa ƙarfen, zafi ya ragu, kuma kusurwar kurfin bata ƙonewa. Don bakin dirili dai miƙaƙƙiya ta fi. Kuma bana jira sai dutse ya yi ƙyalli, da naga baƙin layi ya fara fitowa sai in wuce sau biyu uku in ci gaba da aiki, diresar na rataye jikin injin da igiya don kada a neme ta a rasa.

MaiWalda_Rigasa

Alhamdulillahi, na dawo da bayani. Na sauke duwatsun na ƙwanƙwasa kamar yadda Malam yace, mai laushin yayi ƙara mai kyau, mai kaushin kuma bus, da na haska shi da fitilar waya naga siririn layi daga ramin tsakiya. Na fasa shi na sayi sabo. Injin ba dutse shiru yake, boris lafiya. Na sayi mai faɗin bakin na gyara mai laushin, allin ya ɓace duka, yanzu yana ci sosai na wasa bakin dirili bai canza kala ba, teburin ma na matso dashi na auna. Rawar ta ragu sosai amma da saura kaɗan a gefen sabon dutsen, kuma naga zoben roban da yazo dashi yana ɗan motsi a kan sandar. Shima sabon sai na bi shi da diresa ne ko zoben zan fara canzawa? Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Tsohon_Tana

Amin ɗana, Allah ya tsare gaba. Zoben zaka fara canzawa, in ka gyara fuska a kan zobe mai motsi duk ranar da dutsen ya gusa aikin ya tashi a banza. Ka kai wa mai injin juya ƙarfe dutsen da awon sandar ya fitar maka da zobe guda ɗaya na roba mai tauri, ya shiga sandar da hannu ba wasa, a ramin dutsen kuma ya zauna daidai ba sai an buga ba, faɗinsa ya ɗan gaza kaurin dutsen don farantan su kama dutsen ba zoben ba. In ka ɗaura ka bar shi minti ɗayan nan kana gefe, sannan ka bi shi da diresa, sabon dutse ma sai an daidaita shi a kan injin da zai zauna. Ka sake auna teburin bayan ka gama.